Waƙar da Ba Ta Shiga Baki Biyu Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗan Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, irin gaisuwar da ban saba yi maka da baki ba. Ina roƙon Allah ya tashe ka lafiya ranar kasuwar Belbeji, ya sauke ka Damagaram lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin tafiya, ya haɗa ka da mutanen da za su riƙe ka da amana.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin faifan furarka, alhali ƙofa ɗaya muke shiga muke fita. Kai ma ka san dalili. Kai ne ɗan fari, uwa kuwa a nan ba ta zama da ɗan fari su yi hira, ko sunansa ba ta kamawa. Tun da aka yaye ka kakarka Iya ta ɗauke ka, Allah ya jiƙanta, ka tashi kana ce mini Yaya yadda ka ji ƙannen babanka suna faɗa. Ban taɓa gyara maka ba. To yau maganar ta fi ƙarfin kawaici, bakina kuma ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙannenka ƴan lakwal, masu karatun boko, sun fi ni hannu, amma ba maganar da zan sa a bakin yara ba ce. Rubutun yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya. Inda ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka.

Ba zan cika ka da nasihar salla da abokai da ƴanmatan birni ba. Wannan babanka ya yi maka ita har kunnuwanka sun yi zafi, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Tawa guda ce, a kan waƙa.

Mai sitidiyon da ya kira ka ba don tsayinka ya kira ka ba. Waƙa yake so, sabuwa, taka ta kanka, in ka kawo guda yau gobe ya ce ina wata. Allah kuwa ya ba ka, ba na shakka, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na ga ba baiwar kaɗai ka gada ba, har da ciwon. Rannan kana ɗaure zanar bayan gida, ni ina shiƙa ta ɗaya gefen, ba ka san ina nan ba. Na ji ka fara wani karin waƙa ta hanci, sabo fil, wanda ban taɓa ji a bakin kowa ba. Sai da na sauke ƙwarya na kasa kunne. Wani abokinka ya yi sallama a ƙofa, ka tafi, wayarka tana cikin aljihu ba ka taɓa ta ba. Da ka dawo ka tsaya jikin zanar nan kana sosa ƙeya, kana kallon ƙasa. Babanka ya ce, "Kai, me ka yar ne? Wuƙa?" Ka ce, "Ba komai, Baba. In tawa ce za ta dawo."

Na gane wannan magana da na ji ta, don tawa ce. Da ita na yi ta rarrashin kaina tun ina budurwa, har na wayi gari mata suna nuna ni a gidan biki suna cewa ga wadda ta yi waƙar ƙwarya a zamaninta, in kuwa aka ce in jero waƙoƙin sai in yi tsuru-tsuru. Abin da nake jiye maka ke nan, ka tsufa da sunan mawaƙi hannunka babu waƙa. Bari in faɗa maka yadda nawa suka zube, ko gani ga wane zai ishi wane tsoron Allah.

Wadda na fara jin zafinta, ina amarya a gidan nan. Rani ne, muka je babbar rijiyar kwarin Tarka, inda makiyaya ke shayarwa. Ka san yadda wurin yake: raƙumi ya ja igiya ya yi nisa, wasaki, babban gugan fata, ya fito a juye shi, raƙumi ya dawo. Icen bakin rijiya yana kuka duk lokacin da igiya ta goge shi, wata Buzuwa kuma tana kiran awakinta da wata murya mai hawa da sauka. Ina tsaye ina jiran a zo kaina, sai kukan icen da kiran matar suka haɗu a kunnena suka zama waƙa. Ba ni na ƙaga ta ba, zuwa ta yi, da karinta da kalmominta, har da wurin da ƴan amshi za su karɓa. Na ɗauki tulu na kamo hanya ina maimaita ta a zuci, ina cewa da na isa zan rera wa Dije. Ka tuna Dije, ƙawata mai ja mini amshi, wadda ke ce maka angonta kana gudu kana ɓuya bayan rumbu.

Saura kaɗan in shiga gari na yi kiciɓis da gwaggon babanka. Ga ni amarya, ga surukuwa a gabana. Na durƙusa da tulu a ka na ce, "Ina wuni, Gwaggo." Ta ce, "Lafiya lau, ƴar nan. Ina gajiya? Ya baƙunta? Mutanen gidanku fa, kina jin labarinsu? Ya ruwan, da cunkoso ko? Matar maƙeri ta haihu, kin je barka kuwa?" Ina amsawa ina jin waƙar tana tsiyayewa kamar gero a buhu mai huji. Da ta ce, "To, a gaida gida," na miƙe babu komai a kaina sai tulu. Washegari na koma rijiyar, na tsaya daidai inda na tsaya. Raƙumin nan ne, icen nan ne, amma ba ta zo ba. Har yau ba ta zo ba.

Da na ba Dije labari ina share hawaye, dariya ta yi mini. Ta ce, "Ke dai wawuya ce. Ƙarangiya ta ƙare a Damargu ne? Da kin hango tsohuwar, sai ki ratse gefe, ki sauke tulu, ki tsuguna kina cire ƙaya. Wa ke ganin laifin mai cire ƙaya? Ki rera abinki ƙasa-ƙasa, ki buga shi a gwiwa har jikinki ya riƙe, sannan ki taso ki yi gaisuwarki har rana ta faɗi in kina so."

Ban ce ka raina gaisuwa ba. Wanda ba ya gaida mutane ba ɗan gidan nan ba ne. Amma ka sani, ba hayaniya ke kashe sabuwar waƙa ba, magana ce ke kashe ta, musamman maganar da dole ka amsa. Damagaram kuwa garin gaisuwa ne. In waƙa ta zo maka kana tafe, ka nemi taka ƙayar. Ka tsuguna kamar mai gyaran takalmi, ka ciro wayar nan, ka rera mata ko ta hanci ne, sannan ka miƙe ka ba mutane hannu. Mu da gwiwa da ƙwarya muka yi, ba mu sami wannan gata ba. Kai kana yawo da ɗan amshin da ba ya gajiya a aljihu, ka bar shi yana barci.

Na ji abin da kake faɗa wa abokanka a zaure, wai ba ka son ɗaukar abu sai ya nuna, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan karin magana ta filin rawa ce, inda idanu suke. Ba wanda ya ce ka kai ɗanyen abu gaban jama'a. Amma gero ma da zangarniyarsa ake kai shi rumbu, ba a jira sai an surfe. Ni ma na yi irin wannan taurin kai. Wata shekara wani mutumin gidan radiyo ya zo garin nan da akwatin ɗaukar magana, yana neman waƙoƙin mata. Aka rako shi har ƙofar gida, babanka ma ya yarda. Na aika a ce masa mura nake yi, muryata ta dushe, ƙwaryar kiɗanmu ta tsage, ya dawo bayan kaka in mun shirya. Gaskiya murar ba ta kai ta hana ni ba, so nake a ji ni ranar da na fi kyau. Mutumin ya yi godiya, ya hau babur ya nufi Falanko. Aka yi kaka, aka yi wata kakar, ban sake ganin ƙeyarsa ba. Da na yarda, da yau akwai muryata mai mura a wani wuri, kuma da ta fi babu.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo, don shi ba mantuwa ba ce, hali ne. A wurinmu mata masu ƙwarya, waƙa ba ta zama waƙa sai ta shiga baki biyu. In ta zo wa mace a bakin turmi, sai ta jefa wa wadda suke daka tare, ita ta cafe, ta maido mata. In ta kwana a bakin mutum biyu, to ta zauna. Ni da Dije haka muke, ni ke haihuwa ita ke goyo. Kaina rariya ne, nata tulu.

Sai wata shekara muka yi waƙar kai amarya, muka rera ta a wani biki da ke da baƙi daga wajen Ollelewa. Ba a daɗe ba waƙar ta dawo mana a bakin mutane, ana cewa ta matan can ce. Har wata ta tare ni a hanya tana tambaya ko na iya ta, ta koya mini. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zargi Dije da sakin baki, alhali a gaban kowa muka rera ta. Na rantse a raina, daga ranar ba mai jin waƙata sai ta kammala, sai na fito da ita da kaina.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, maza suka watse neman abinci, wasu Agadas wasu kudu, gari ya rage daga mata sai tsofaffi sai yara. A cikin wannan hali wata waƙa ta zo mini, a hankali, ba kamar ta rijiya ba. Kullum na fita tsinkar ganye sai ta ƙaru. Ta matan da aka bari ce, tana kiran mazan ɗaya bayan ɗaya, kowa da hanyar da ya bi. Na san ban taɓa yin kamarta ba. Dije ta gane, don ta san yadda leɓena ke motsi in ina ɗauke da abu. Ta ce, "Ba ni in riƙe miki." Na ce, "Babu komai." Ta ce, "Ni za ki yi wa babu komai? To riƙe abinki. Allah ya sa kan naki ya fi yadda na san shi."

Bai fi ba. Zazzaɓi ya kayar da ni, aka kai ni likita a Belbeji a kan amalanke, na daɗe ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na laluba, wayam. Dije ta zo duba ni, na kama hannunta na ce, "Ta tafi." Ba ta ce ai na gaya miki ba. Zama ta yi a bakin tabarma muka yi kuka tare, masu jinya suna zaton rasuwa aka aiko mana.

Ka duba ka gani. Waccan da aka sace tana nan da ranta. Ko a sallar da ta wuce na ji ƴanmata suna gaɗa da ita a dandali. Sun canja mata kalmomi, ba wadda ta san ni ce uwarta, amma na tsaya bayan zana na saurara har suka gama, kuma na ji daɗi. Wadda na ɓoye kuwa, ko kabarinta ban sani ba. Na san birni ba ƙauye ba ne, can waƙa abinci ce, kuma tana da ɓarayinta. Kada ka zama wawa, ka ɗauke ta da muryarka kafin ka ba kowa ya ji. Amma kada tsoron ɓarawo ya sa kai ka zama makashinta. Ka nemi mutum ɗaya mai amana mai kunne, ka riƙa jefa masa tun tana ɗanya.

Kuma kada ka jingina da waya ita kaɗai. Waya tana faɗawa ruwa, ana zare ta a tasha. Ni da na dawo hankalina sai na zarce gona da iri, na zuba komai a kan Dije na saki jiki, na ce ai tana nan. Ban ƙara wahalar da kaina da maimaici ba. Ranar da aka ɗauki gawar Dije, da rabin waƙoƙina aka fita. Abin da ka ba waya ka koya wa bakinka da na amininka, abin da ke bakinku kuma ka ba waya.

Saura guda. Na daɗe ina juya alƙalami a kanta, na ajiye na ɗauka. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A gidanmu na haife ka, yadda ake yi wa haihuwar fari. Ina cikin wankan jego tsofaffi sun kewaye ni, kowacce ta zuba ido ta ga ko zan yi rashin kunya. In aka miƙo ka in ba ka nono sai in kau da kai, kamar an ɗora mini aikin wani. In ka yi kuka ba na motsi sai an ce, "Ke, ɗauki yaron mutane mana." Haka aka koya mini, haka na yi, har ana yabona. Amma da rana, in sun fita tsakar gida aka bar mu mu biyu a ɗaki, sai in juyo in dube ka son raina. A nan wata waƙa ta zo. Ba ta biki ba ce, ba ta da wurin amshi. Ƙarama ce, daidai tsawon shan nononka.

Ban taɓa rera ta da murya ba, ko sau ɗaya. Wa zan jefa wa? In na ba Dije za ta ji sunanka a bakina, don sunanka yana ciki. In tsofaffi suka ji, na zama abin labari a gari har jikokina. Na riƙe ta a zuci ina goyonka, na riƙe ta har ranar da Iya ta shigo da zanen goyonta ta ce, "Kawo mini mijina, ya isa yaye." Na miƙa ka ina murmushi, na ce a raina ai ina da waƙar. Sai ga cikin ƙanwarka, sai aikin gona, sai wannan sai wancan. Wata rana na hango ka kana bin Iya da ƴar sanda kuna kora awaki, na nemi waƙar in rera a zuci, babu ita. Abin da ya rage mini kawai, na san akwai kunnenka na hagu a ciki, wanda ya ɗan lanƙwashe ta sama. Ban san me na ce a kansa ba.

Sauran da na rasa, jama'a ce ta yi asararsu. Wannan kai ka yi asara, kuma ni na jawo maka. Ka girma kana ganin kamar ban damu da kai ba, na sani, na sha ganin haka a idonka in ƙannenka suna kwance a jikina kai kana tsaye a bakin ƙofa. Ya yi mini ciwo a lokacin, yana yi mini ciwo yanzu. Ba na zagin kunya, ado ce, da ita muka zauna lafiya da surukai. Amma ta hana ni abin da bai kamata ta hana ni ba.

Kai namiji ne, taka kunyar ba irin tawa ba ce, amma za ta zo maka da wata riga. Wata waƙar za ta zo ka ce ta yi taushi da yawa, samari za su yi mini dariya. Wata ka ce ta ƙauye ce, ƙamshin fura take yi, ba za ta shiga birni ba. Wata ka ce ta taɓa abin da ke cikin gida. Irin waɗannan su ne na ƙwarai, kuma su suka fi saurin tafiya, don mutum da kansa yake buɗe musu ƙofa. Ka kama ta tukuna. Ko a fitar ko a ɓoye, wannan shawarar wata rana ce, kuma sai abin da ke hannu ake shawara a kansa.

Yanzu ga roƙona. Shekaranjiya ina daka maka gumbar guzuri, ni kaɗai a bayan ɗaki, sai wata waƙa ta zo. Na ɗauka sun daina zuwa, rabona da su tun rasuwar Dije. Ba waccan ce ta dawo ba, kada ka sa rai, wadda ta tafi ta tafi. Sabuwa ce, ta tafiyarka. Tun lokacin nake riƙe da ita. Na daina zuwa rijiya, na ƙi leƙa maƙwabta, har babanka yana tambaya ko haƙori ke damuna don ya ga ba na magana. Duk da haka tsufa ya fi ni ƙarfi. Jiya tana da wani baiti a tsakiya, yau da safe na neme shi na rasa.

Ba zan iya rera ta a gabanka ba, kada ma ka nema. Ba zan iya rubuta ta ba, kari ba ya hawa takarda. In ka gama shan furar nan ka zagayo bayan ɗaki, za ka ga turmi a kife. Ka kunna abin ɗaukar murya na wayarka, ka ɗora ta a kai, ka fita ƙofar gida wajen babanka. Kada ka leƙo. In ka ji na buga taɓarya a ƙasa, ka zo ka ɗauki abinka, za ka tarar na shige ɗaki. Muryar ta tsufa, za ka ji tana rawa, wataƙila ta karye a wani wuri. Kada ka goge. Kuma kada ka saurara sai motarku ta bar gari, don ba zan iya haɗa ido da kai ba in na san ka ji.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sa harshenka ya zama mai alheri, kada ya ci mutuncin kowa. Allah ya raba ka da girman kai in an yaba, da karayar zuciya in an kushe. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka tarar da mu, in kuwa ba ka tarar ba, ya sa ka yafe mini. Amin.

Ina bayan ɗaki tun yanzu, ina ta maimaita abin da ya rage. Ka ajiye ludayi ka zo.